Tafiyar mota ta bakin teku da kwana a tanti, ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yi

Baban_Biyu:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa irin wannan tafiyar don ni dai ban taɓa ba. Na samu hutun kwana 7 a wajen aiki, kuma tun bara nake wa iyali alkawarin zan kai su su ga teku da idonsu ba a waya ba, to sai na ga maimakon mu je gari ɗaya mu kama ɗaki mu zauna, gara mu ɗau mota mu bi hanyar da ke bin gaɓar teku muna tafe muna tsayawa, inda yamma ta yi mana mu kafa tanti mu kwana. Mu huɗu ne, ni da mai ɗakina da yara biyu, babbar shekararta 9, ƙaramin 5.

Hanyar da na zana a taswira ta kai kilomita 1,500, na raba ta kwana 5, wato 300 kullum, sauran kwana biyun kuma na dawowa ne ta babban titi. Google Maps yana nuna min 300 ɗin bai wuce awa huɗu da rabi ba, shi ya sa na ga kamar ba matsala, amma mai ɗakina ta ce ya yi yawa da yara. To wa ke da gaskiya a cikinmu?

Na biyu, burina wallahi shi ne mu kwana a kan yashin kansa, a buɗe ƙofar tanti da asuba a ga ruwa gab da mu. Ana yin haka ko akwai haɗari? Motata ƙarama ce ba jif mai fowil ba, zan iya shiga da ita kan yashin ko da kaɗan ne don kar mu yi ta jidon kaya? Sai tantin, na talakawa ne na saya, mai siraran turakun ƙarfen nan, ban ma taɓa kafa shi ba yana cikin jakarsa. Duk wanda ya san wani abu ya taimaka, na gode.

Tsohon_Direba:

Wa alaikumus salam. Ɗana, mai ɗakinka ce ke da gaskiya, ka saurare ta.

Lissafin da waya ke ba ka lissafin mutum ne shi kaɗai wanda ba ya tsayawa, ba ya jin fitsari, ba ya kallon komai. Hanyar bakin teku kuwa kusan duk inda take a duniya halinta ɗaya, ƙunci gare ta, kwana a kan kwana, hawa da gangara, ga motocin 'yan yawon buɗe ido a gabanka suna jan jiki ba wurin wuce su. In ka haɗa da tsaye-tsaye da wuya ka ci kilomita 40 a awa. Yanzu raba 300 ɗinka da 40 ka gani, awa bakwai da rabi kenan, kullum, har kwana 5, da ɗan shekara 5 a baya. Rana ta uku ba wanda zai ƙara waiwayen tekun, kowa so yake a sauka.

Bari in ba ka misali da wadda na bi da hannuna. Great Ocean Road ta Ostiraliya, daga Torquay zuwa Allansford, gaba ɗayanta kilomita 243 ce. Sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na farko ne suka sare ta a jikin dutse daga 1919 zuwa 1932, shekara 13 suna aiki. Akwai masu cinye ta a yini ɗaya su koma, ni kwana 3 na yi a kanta kuma har yau ina jin ban ƙoshi ba. Wannan fa 243 ce, kai kuma kana maganar 300 a rana guda. Ni a ganina kar ka wuce 120 zuwa 150, kuma ka ware rana ɗaya a tsakiya wadda ba za a tada mota ba sam, tanti ya kwana biyu a wuri ɗaya, yara su yi wasa da yashi har su gaji. Wato ka yanke 1,500 ɗin nan ta koma kamar 600. Na san zai yi maka ciwo amma ka yanke.

Abu na biyu da mutane ba sa lura da shi, ta wane ɓangare za ka faro. Ka zaɓi alƙiblar da za ta sa teku ya kasance a hannun da kake tuƙi. A Ostiraliya hagu ake bi, shi ya sa ake farowa daga Torquay a nufi yamma, teku na gefenka, duk wurin tsayawa kallo sai dai ka ratse kawai ba sai ka tsallaka titi a kan kwana ba. A Kalifoniya ta Amurka dama ake bi, don haka a Highway 1 daga arewa ake gangarowa kudu. Ka duba taka hanyar ka yi wannan lissafin.

Sannan kowace safiya ka bincika ko hanyar a buɗe take, don irin waɗannan hanyoyin ƙasa na zaftaro musu. A yankin Big Sur da ke kan Highway 1 ɗin nan, watan Mayun 2017, tsauni ya zubo ya binne titin a Mud Creek, sai Yulin 2018 aka buɗe. In ka tarar da irin wannan ba wata 'yar kwana da za ka zagaya, baya za ka koma mai nisa. Saboda haka tankinka kar ya sauka ƙasa da rabi, ka ga gidan mai ka cika, kuma ka sauke taswirar a waya tun kana da sabis don a bayan duwatsun nan sabis ɗaukewa yake.

A gangara ka sa ƙaramar giya injin ya riƙe motar, kar ka kwanta a kan birki, in ya yi zafi sakewa yake. Kuma duk yadda za a yi ka isa zangonka da sauran rana, aƙalla awa biyu kafin faɗuwarta.

Maman_Tagwaye:

Sannu Baban Biyu. Baba ya gama magana a kan hanya, ni a kan kwana a yashi zan tsaya don abin ya taɓa faruwa da mu kuma har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake.

Mun isa wani bakin teku da la'asar, wuri mai kyau shimfiɗe, ruwa can nesa sai ka yi tafiyar minti uku kafin ka taɓa shi, yashin da muka zaɓa a bushe yake ƙamas. Muka kafa tanti muka kwanta, farin wata tar kamar rana. Wajen ƙarfe uku na dare na ji ƙafata a jiƙe, na haska tocila sai ga kumfa a bakin ƙofa, kafin maigida ya gama buɗe zif wata igiyar ta sake zuwa ta ɗaga katifar da yara ke kai. Yaran muka fara ɗauka muka yi tudu da gudu, takalma da risho da bargo ɗaya duk ruwa ya tafi da su. Allah ne Ya kiyaye kawai.

Daga baya na zauna na koyi abin. Teku yana cikowa yana janyewa, a galibin gaɓoɓi sau biyu a yini, daga janyewa zuwa cikowa awa 6 da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kamar minti 50, don haka lokacin da ka gani jiya ba shi ne na yau ba. Wata ne ke jan ruwan, rana na taya shi. Lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika, wajen daren 14 da 15, jan nasu yana haɗuwa sai cikowar ta fi ta kullum nisa. Mu daren cikar wata muka je, yashin da muka gani a bushe ruwan kwanakin baya ne bai kai wurin ba, na wannan daren ya kai. Wani abin kuma, ba daidai yake shigowa ba, awar farko a hankali kamar ba ya motsi, amma rabin ruwan gaba ɗaya a awa ta uku da ta huɗu yake shigowa, shi ya sa yake shammatar mutane. Kuma wuri ya bambanta, a Bahar Rum bambancin kaɗan ne, amma a Bay of Fundy ta Kanada ruwan yana tashi har wajen mita 16.

To abin da za ka yi, kafin ka sauke ko jaka ɗaya ka taka ka nemo layin da ruwa ya bari, za ka ga ciyawar teku da guntayen itace da robobi sun yi jere kamar an ja zare. Sau da yawa layin ba ɗaya ba ne, ka nemi na can sama wanda tarkacensa ya bushe, ka wuce shi sosai, inda ciyawa ta fara tsirowa a ƙasa mai tauri. Kuma ka duba jadawalin cikowar ruwa na wannan wurin na wannan daren, ana samu a intanet, wasu wuraren ma an kafe shi a allo. Kar ka kwana inda dutse ya tokare ka ta baya babu hanyar hawa. Ƙarƙashin gaɓar dutse ma a guje shi, samanta ma kar yara su matsa baki, don ruwa yana cin gindinta. Baba zai tuna, a kan hanyar da ya ambata akwai dutsen da ake kira London Bridge, a Janairun 1990 ɓangaren da ya haɗa shi da tudu ya rufta, mutum biyu suka maƙale a can sai da jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko su.

Turakun nan naka kuwa ba sa riƙe yashi ko kaɗan, da ɗan yatsa za ka zare su. Ka tafi da ƙananan buhuna, ka cika su da yashi ka ɗaura igiyar tantin ka binne su kamar kamu biyu, ko ka ɗaura a tsakiyar sanda ka binne ta a kwance. Iskar bakin teku da rana daga ruwa take busowa saboda ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, ta fi ƙarfi da la'asar daidai lokacin da kake fama da kafa tanti, da dare sai ta lafa ko ta juyo daga tudu. In ka fuskantar da ƙofar ga teku da yamma, tantin zai cika da iska da yashi. Ka ba iskar bayan tantin. Kuma dan Allah ka fito da shi daga jakar nan ka kafa shi a gida ko sau biyu kafin ranar.

Baban_Biyu:

Innalillahi. Hajiya wallahi jikina ya yi sanyi, don daidai abin da na yi niyya kenan, in samu busasshen yashi in kafa. Na duba kalanda yanzu, hutun nawa ya faɗa kwanakin cikar wata. Allah Ya saka da alheri. Baba na ji, zan zauna da taswira yau da dare in rage. Amma to in ba a kan yashi ba, ko'ina na ga fili a gefen hanya zan iya yada zango, ko sai wuraren da aka tanada?

Mai_Yawo:

Yaya wannan tambayar taka ta ƙarshe amsarta tana wajen dokar ƙasar da za ka, kuma bambancin ba kaɗan ba ne. A Norway akwai doka tun 1957 da ta ba kowa damar kafa tanti a ƙasar da ba gona ba, in dai ka ba gidan mutane tazarar mita 150 kuma ba ka wuce kwana 2 a wuri ɗaya ba, amma damar ta mai tafiya a ƙasa ce, ba ta ba ka izinin kutsa mota cikin daji ba, sannan daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba an hana hura wuta kusa da daji. A Big Sur ɗin da Baba ya ambata kuwa kwana a gefen titi laifi ne, tara ake ci. Hanyar Ostiraliyar ma galibin garuruwan da ke kanta sun hana kwana a mota ko tanti in ba a filin da aka ware ba, kuma akwai ranakun zafi da ake hana kunna wuta a waje kwata-kwata. Ka ga ba za ka ɗauki dokar wani wuri ka kai wani ba.

Ni gaskiya na ɗan saba da su Hajiya a abu ɗaya. Kwana a wurin da ba kowa, ba fitila ba janareto, sai ƙarar ruwa da taurari, wannan shi ne daɗin tafiyar a wurina, kuma ban so a tsorata ka har ka fasa shi gaba ɗaya. A Oman na yi shi dare da yawa a gaɓar da ke tsakanin Maskat da Sur, ban taɓa ganin abin da ya kai wannan asubar kyau ba. Sai dai ni kaɗai ne, ba yaro a hannuna. Kai da yara biyu kuma karon farko, ka fara da filayen da aka tanada masu ruwa da banɗaki, ka kama wuri tun kafin ka taso don lokacin hutu cika suke, in hannunka ya faɗa a dare na huɗu ko na biyar sai ka gwada wurin da ba kowa in doka ta yarda.

Ka kuma lura da wanda ka tarar a wurin. Can gaba da Sur akwai Ras al Jinz inda kunkurun teku ke fitowa da dare su haƙa rami su yi ƙwai, wurin a killace yake sai da ɗan jagora ake shiga. 'Ya'yan in sun ƙyanƙyashe haske suke bi su nufi ruwa, farar fitila ko wutar da ka hura sai ta juyar da su tudu su mutu. Irin wannan gaɓar tana da yawa a duniya, in an ce maka wurin kunkuru ne ka kashe fitila ka ja baya. Tudun yashin nan mai ciyawa ma kar a tattake shi, saiwar ciyawar ce ke riƙe gaɓar. Shara kuma duk abin da ka zo da shi ka koma da shi.

Bakanike_Ne:

Oga maganar shiga yashi da ƙaramar mota, a'a. Ko kaɗan ɗin ma a'a. Masu jif ɗin ma sai sun sace iskar taya daga 32 ko 35 ta dawo wajen 18 don tayar ta baje, suna ɗauke da famfo da shebur da igiyar ja, kuma duk da haka suna kafewa. Taka ƙasanta gajere ne, mita goma za ka yi cikinta ya zauna a kan yashi, kana ba ta wuta tana ƙara nutsewa, ga ruwan da Hajiya ta yi bayani yana tahowa. Motar da ruwan gishiri ya shiga injinta da wayoyinta ta gama yawo. Ka ajiye ta a ƙasa mai tauri, hancinta na kallon hanyar fita, a yi jidon kayan da hannu.

Kafin ka taso a duba maka birki da ruwan lagireto da belt, safaya taya ta kasance da iska, jak da sifana suna ciki. Abin da ya fi kashe wa masu zango mota shi ne batir, a bar ƙofa a buɗe fitilar ciki na ci, a jona waya huɗu da kula mai lantarki injin a kashe, da safe a murɗa makulli shiru. Ka sayi fawa bank don wayoyi, ka riƙe wayar jona batir. Makullin mota kuma kar ya shiga aljihun wanda zai taka yashi, in ya faɗi ba ka ƙara ganinsa, ka ba madam na biyun.

In kun dawo a wanke ƙarƙashin motar da ruwan daɗi sosai, iskar teku kanta gishiri ce, tsatsa take kawowa. Zif ɗin tanti da sandunansa ma haka, a ɗauraye a shanya su bushe kafin a naɗe.

Maman_Tagwaye:

Ƙanina Mai Yawo ai ba mu saba ba, nima ina son irin wannan daren, tudu kawai na ce a hau.

Na dawo ne don abu biyu da na manta kuma sun shafi yara. Komai iska komai yayyafi kar a kunna risho ko gawayi a cikin tanti, kar kuma a shigo da garwashi don ɗumi. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari ba shi da launi, barci kawai yake sa mutum. A yi girki a waje, a kare iskar da jikin mota ko tamfol. Tagogin iskan tantin ma a bar su a buɗe ko ana sanyi, in ba haka ba numfashinku da raɓar teku za su jiƙa komai kafin asuba, don haka kayan sawa na gobe a ƙulle su a leda.

Na biyun shiga ruwa. In kun tsaya a bakin teku za ku ga wani wuri a tsakanin igiyoyi da ya yi lumus, ya fi duhu, ba farin kumfa, ido zai ce maka nan ne ya fi lafiya ga yara. Nan ne ya fi haɗari, ta nan ruwan da igiya ta kawo yake komawa ciki da ƙarfi, yana jan babba ma balle yaro. Wanda ruwan ya ja kar ya yi kokawa da shi ya nufo tudu kai tsaye, ya yi iyo ta gefe a layin gaɓa har ya fita daga cikinsa, ko ya kwanta a kan ruwan ya ɗaga hannu. Ku dai ku yi wanka inda akwai masu ceto, tsakanin tutocinsu, ƙaramin kuma kar ya wuce inda hannunka zai kai. Ruwan sha ku lissafa aƙalla lita 4 ga kowane mutum a rana, ban da na wanke-wanke, jarka biyu ta fi ɗaya babba don in ɗaya ta fashe.

Baban_Biyu:

Jama'a na rasa bakin godiya, Allah Ya biya ku. Mun zauna da mai ɗakina jiya har sha biyun dare, mun dawo da hanyar kilomita 620, zango huɗu, na uku za mu kwana biyu a cikinsa. Na kuma juya ta, ashe da yadda na tsara teku yana ɗaya hannun ne, yanzu daga can ƙarshen za mu faro. Uku daga wuraren na riga na kama, na huɗun ba su ɗaga waya ba tukuna. Tantin mun kafa shi ɗazu da yara, ya ci mana minti 50 kuma mun gano sanda ɗaya a tsage take, gobe zan nemo wata.

Saura abu ɗaya Hajiya, buhunan yashin nan guda nawa kike ɗauka, kowace igiya da nata ne ko na kusurwa huɗun sun isa? Tantin nawa igiya takwas gare shi.